Gidan Ɗan Hausa a Kano: Sunan Baƙo, Aikin Ƴan Gida

A unguwar Nassarawa, a wajen tsohuwar ganuwar birnin Kano, akwai wani ginin ƙasa da ya haura shekara ɗari a tsaye, wanda Kanawa suke kira Gidan Ɗan Hausa. A yau gidan tarihi ne a hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, ƴan makaranta da baƙi daga nesa suna zuwa kallonsa. Mutumin da gidan yake ɗauke da laƙabinsa ba Bahaushe ba ne. Bature ne haifaffen ƙasar Suwizalan mai suna Hanns Vischer, wanda ya zauna a ciki da iyalinsa a farkon mulkin Ingilishi, kuma a nan ne ya kafa makarantar da aka ɗora tsarin ilimin boko na gwamnati a Arewacin Nijeriya a kanta.

Malamin makaranta daga Tasawa ko Mayahi da ya ƙetare iyaka ta Ɗan Isa da Jibiya, ya ratsa Katsina ya sauka Kano, zai iya ɗaukar wannan gida a matsayin tarihin maƙwabta kawai. Amma idan ya natsu zai tarar cewa haruffan da yake rubuta Hausa da su a kan allon ajinsa suna da tushe a wannan haraba, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka koyar da su a nan mutumin ƙasar Damagaram ne. Gidan yana kuma tayar da wata tambaya da ta shafi kowace ƙungiyar al'adu, wato sunan wa ake adanawa idan an adana gida, kuma sunan wa yake ɓacewa?

Ginin da harabarsa

Abin da ya fara ɗaukar idon maziyarci shi ne fuskar gidan, da zankwayen da suka miƙe a kusurwoyin rufinsa, da zanen ado da aka fitar a jikin bango. Aikin maginan Hausa ne tun daga tushe. Bangon na tubali ne, wato ƙasar da aka cuɗa aka mulmula da hannu aka shanya a rana, sa'an nan aka jera aka shafe da yaɓe. Kaurin bangon shi ne yake tsare zafin rana da tsakar yini, ya kuma riƙe ɗumi a daren hunturu. Rufin kuwa na azara ne, itacen giginya da aka tsaga, wanda gara ba ta cika yi masa ɓarna ba. Da yake azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa a kan ɗaki mai faɗi, magina sun ƙirƙiro dabarar tanƙwara ta daki-daki daga bango zuwa bango har ta haɗu a sama, abin da ake kira daurin guga. Duk wanda ya ɗaga kai a cikin irin wannan ɗaki ya san cewa lissafi ne yake riƙe da rufin, ko da yake maginin bai taɓa rubuta shi a takarda ba.

Ruwayar da ta shahara a Kano ita ce asalin wurin na wani bafade ne mai kula da gandun Sarki a Nassarawa, daga baya Vischer ya gyara shi ya faɗaɗa shi daidai da bukatar zamansa. Bayan tafiyarsa jami'an mulkin mallaka suka ci gaba da zama a ciki har zuwa ƙarshen zamaninsu. A yau ana nuna tsofaffin hotuna da kayayyakin wancan lokaci, tare da kayan sana'o'i da na al'adun Kano da hukumar ta tara. A harabar ne kuma masu raye-rayen gargajiya na jihar, waɗanda suka yi suna da rawar Koroso, suke da mazauninsu.

Ita ma harabar, da inuwar itatuwanta, tana da nata bayani. Gidan Bahaushe cikinsa yake fuskanta: zaure a bakin titi, tsakar gida a ɓoye, lambu ko garka kuwa can a fadama ko bakin rijiya, domin wurin aiki ne ba na shaƙatawa ba. Gidan Bature kuwa a tsakiyar fili yake zama, itatuwa da furanni su kewaye shi. Gidan Ɗan Hausa ya haɗa biyun, jikin gini na Hausa a kan shimfiɗar fili ta Turai. Sai dai wannan fili ba don hutu kaɗai aka bar shi ba. Bayan da sojojin Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, Turawa sun zaɓi zama a wajen ganuwa, kuma dokar birane ta 1917 ta tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta ƴan ƙasa. Inuwar da ɗalibai suke hutawa a ƙarƙashinta a yau ta tsiro ne a unguwar da aka shata domin a nisanta kakanninsu.

Wane ne Ɗan Hausa?

An haifi Hanns Vischer a birnin Bazel a 1876, ya yi karatu a Ingila, ya zo Nijeriya a 1901 a cikin ƴan mishan. Bai daɗe a wannan aiki ba. A 1903 ya zama ɗan ƙasar Ingila, ya shiga aikin gwamnatin mulkin mallaka, aka tura shi Barno. A 1906, maimakon ya koma bakin aikinsa ta jirgin ruwa, sai ya biyo tsohuwar hanyar ayari daga Turabulus, ta Murzuk da Bilma, zuwa Tafkin Cadi, tare da alhazai masu komawa gida da bayin da aka ƴanta. Wani babban yanki na wannan tafiya a cikin ƙasar Nijar ta yau aka yi shi, kuma ya ba da labarinta a littafin da ya wallafa a 1910. Iya Hausarsa da sanin ladubban zama da mutane su ne suka jawo masa laƙabin Ɗan Hausa.

Matarsa Isabelle ta iske shi a Kano a 1912. Ita ma ta bar littafi da harshen Faransanci, wanda ya fito a 1917, mai ɗauke da zane-zane da abubuwan da ta gani a zamanta na Arewa. Wannan littafi yana cikin dalilan da suka sa aka san rayuwar gidan ta yau da kullum. Yaƙin Duniya na Farko ya raba Vischer da Kano. Daga baya ya zama sakataren kwamitin da yake ba gwamnatin Ingila shawara a kan ilimi a ƙasashen Afirka da take mulka, tun daga 1923, yana kuma cikin jagororin cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka da aka kafa a Landan a 1926. Ya rasu a 1945.

Makarantar Nassarawa

Turawan Ingila sun tarar da ƙasar da take da dubban makarantun allo da na ilimi, da alƙalai da magatakarda masu rubutu da Larabci da ajami. Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addininsu ba, don haka ba a sakar wa ƴan mishan mara a masarautun Musulmi ba. Amma gwamnati tana bukatar masu rubuta haraji da masu awon ƙasa da akawu, kuma tana ɗauko su ne daga kudu da bakin teku. Wannan ce matsalar da aka ɗora wa Vischer. Bayan ya zagaya Masar da Sudan ya ga yadda ake tafiyar da makarantu a can, sai ya buɗe makarantar Nassarawa a 1909, a zamanin Sarkin Kano Abbas.

Ya fara ne da ajin malamai, mutanen da suka riga suka yi karatun Alƙur'ani da na littattafai, domin su koyi rubutun boko da lissafi su koma su koyar. Daga nan aka ƙara sashen ƴaƴan sarakuna, da na firamare, da na sana'o'in hannu. Da Hausa ake koyarwa, ana kuma ci gaba da karatun addini da Larabci, yara suna sanye da tufafinsu na gida. Ya zuwa 1913 ɗalibai sun haura 200, daga larduna daban-daban na Arewa. Daga wannan iri ne makarantun larduna suka tsiro, sa'an nan Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920, wadda ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam.

Adalci ga tarihi shi ne a faɗi fuska biyu na wannan aiki. Koyar da yaro da harshen uwarsa hikima ce da masana ilimi suke jaddadawa har yau, kuma Vischer ya yi ta tun ba a saba ba. Amma tsarin an yi shi ne domin ya yi wa mulkin mallaka hidima. An taƙaita yawan ɗalibai, an fifita ƴaƴan masu sarauta, an kuma yi kaffa-kaffa da duk ilimin da zai sa ɗan ƙasa ya ƙalubalanci mai mulkinsa. Bugu da ƙari, gwamnati ta zaɓi haruffan Rumawa a kan ajami a harkokinta, Vischer kuma ya wallafa ƙa'idojin rubuta Hausa da su a 1912. Sakamakon haka shi ne malamin da ya share shekara talatin yana karatu da rubutu ya wayi gari takardar gwamnati tana lissafa shi cikin waɗanda ba su iya karatu ba. Sunan da jama'a suka ba sabon ilimin ya nuna yadda suka karɓe shi. An daɗe ana cewa kalmar boko daga kalmar Ingilishi ta littafi aka aro ta, amma masanin harshe Paul Newman ya nuna a 2013 cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai ma'anar abin da ba na gaske ba, kamar yadda ake cewa amaryar boko.

Dorugu, mutumin Damagaram

A cikin waɗanda suka yi aiki a makarantar Nassarawa akwai wani dattijo mai suna Dorugu, kuma labarinsa ya girmi na Vischer da shekara hamsin. An haife shi wajajen 1840 a wani ƙauye kusa da Kance, a ƙasar Damagaram. Yana yaro aka kama shi a hari aka kai shi Barno a matsayin bawa. A can ne Bajamushen nan Adolf Overweg ya ƴanta shi. Overweg abokin tafiyar Heinrich Barth ne, kuma su biyun sun sauka a Tasawa a watan Janairu na 1851 tare da ayarin gishiri daga Abzin, inda suka rabu, Barth ya nufi Katsina da Kano, Overweg ya nufi Maraɗi da Gobir. Da Overweg ya rasu a bakin Tafkin Cadi a 1852, sai Dorugu da abokinsa Abbega suka koma hannun Barth, suka bi shi har Tambutu, sa'an nan suka ƙetare Sahara tare da shi zuwa Ingila a 1855.

A Ingila wani ɗan mishan mai nazarin harsuna, James Frederick Schön, ya riƙe Dorugu shekaru da dama yana rubuta abin da yake faɗa: tarihin rayuwarsa, da tafiye-tafiyensa, da tatsuniyoyi, da yadda ya ga zaman Turawa da idon Bahaushe. A kan wannan magana ta Dorugu ne Schön ya dogara ƙwarai wajen littafinsa na nahawun Hausa na 1862, da ƙamusunsa na 1876, da littafin Magana Hausa na 1885. Ke nan Hausar da Turawa da yawa suka fara karantawa da haruffan boko, Hausar yaron Damagaram ce. Littattafan sun fito da sunan Schön a bangonsu.

Dorugu ya dawo Afirka a shekarun 1860, ya yi aikin tafinta, a ƙarshen rayuwarsa kuma ya zauna a Nassarawa yana taimakawa wajen koyar da rubutun boko. A can ya rasu a 1912, shekarar da ƙa'idojin Vischer suka fito. Sai a 1971 ne Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka sake fitar da labarinsa a littafin da ya ba shi matsayinsa na mai magana da bakinsa. A haraba ɗaya, saboda haka, Bature ya zauna wanda aka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa domin ya koyi harshen, da kuma ɗan Hausa na asali wanda ta bakinsa harshen ya shiga littattafan Turai. Da sunan na farkon ake kiran gidan.

Wannan ba a Kano kaɗai ya faru ba. A Agadas ana nuna wa baƙi gidan da Barth ya sauka a 1850, a Tambutu ma akwai gidaje masu alluna da sunayen matafiyan Turai da suka kwana a cikinsu. Baƙon ya yi makonni ko watanni, iyalin da suka gina gidan suka ciyar da shi sun yi ƙarnuka, amma shi ya rubuta, su ba a rubuta nasu ba. Ko a ƙasar Tasawa, kaburburan hafsoshin Faransa biyu, Voulet da Chanoine, waɗanda sojojinsu suka kashe a watan Yuli na 1899, suna nan a Maijirgi an san wurinsu, alhali dubban mutanen da ayarinsu ya hallaka a Birnin Ƙonni da garuruwan da ke kan hanya ba su da jerin sunaye a ko'ina sai abin da ya rage a bakin jikoki.

Iyaka ɗaya, makaranta biyu

A shekarun da ake shirin buɗe makarantar Nassarawa ne ake kafa turakun iyaka a arewa da Katsina. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 sun bar Maraɗi da Tasawa da Damagaram a hannun Faransa, Katsina da Daura da Kano a hannun Ingila. Jama'a ɗaya ce, harshe ɗaya, kasuwanni da auratayya ɗaya, amma makaranta ta rabu biyu. A kudu aka ci gaba da gina Hausar boko: Hukumar Fassara da ta zauna a Zariya ƙarƙashin Rupert East, da gasar ƙagaggun labarai ta 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, da haruffa masu ƙugiya da aka tsayar a shekarun 1930, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A arewa kuwa lakwal da Faransanci tsantsa take, kuma yaron da ya kuskura ya yi Hausa a aji ana rataya masa alamar horo.

Sai bayan samun ƴancin kai a 1960 Nijar ta shiga rubuta harsunanta gadan-gadan, ta hanyar yaƙi da jahilci, da taron Bamako na 1966 a kan daidaita haruffan harsunan Afirka ta Yamma, da makarantun gwaji masu harshe biyu da aka fara a Damagaram a 1973, da ƙa'idar rubutu ta 1999. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Bambancin da ya rage tsakanin rubutun ɓangarorin biyu kaɗan ne, kamar harafin ƴ da Nijar take amfani da shi a inda Nijeriya take sa waƙafi a gaban y. Wannan gado na haɗin gwiwa ne, kuma ta wajen Dorugu mutanen arewacin iyaka suna da rabo a cikinsa tun daga tushe.

Abin da ya rage ga Tasawa da Mayahi

Ginin ƙasa ba ya rayuwa shi kaɗai. Idan damina ta wuce ba a duba indararo ba, ba a toshe tsaga ba, ba a sake yaɓe ba, shekaru kaɗan sun isa soro ya koma tudu. Gidan Ɗan Hausa ya tsaya ne domin ba a taɓa barinsa ba mai kula ba, da farko jami'an Turawa, daga baya hukuma. Haka Gidan Makama da tsohon ginin Kwalejin Katsina suka tsira da aka mai da su gidajen tarihi. A Nijar ma akwai misalai: gidan tarihi na ƙasa a Yamai, wanda aka kafa a 1959 yake ɗauke da sunan Bubu Hama, da fadar Sarkin Damagaram, da tsohon birnin Agadas da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. Akwai kuma misali ɗaya da sunan magini bai ɓace ba, wato Falke Barmu na garin Yama a jihar Tawa, wanda masallacin ƙasar da ya gina ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

Tasawa tsohon zango ne a kan hanyar Abzin zuwa Katsina da Kano, sarautarta kuma reshe ce ta gidan Katsinawan da suka kafa Maraɗi bayan jihadi. A cikin garin, da Mayahi da garuruwan da ke kewaye da su, akwai zaurukan malamai, da gidajen fatake da madugai, da gidajen sarakunan sana'a, waɗanda siminti da kwano suke maye gurbinsu ɗaya bayan ɗaya. Ba kowane gida ne zai zama gidan tarihi ba, ba kuma sai an fitar da iyali daga gidansu ba kafin a adana shi. Amma akwai aikin da malamai da ƙungiyoyin al'adu za su iya yi ba tare da jiran kuɗin hukuma ba. Za a iya auna gida a zana taswirarsa, a ɗauki hotonsa ciki da waje, a zauna da dattawa maza da mata a rubuta wanda ya sa aka gina shi, da maginin da ya ɗora rufinsa, da wanda ya yi zanen bangonsa, da wanda ya haƙa rijiyarsa, da wanda ya shuka itacen da ke tsakar gida. Takardun ajami da suke cikin akwatuna da gafakoki a ɗauki hotonsu a bar wa masu su kayansu. Ɗaliban aji ɗaya, gida ɗaya a shekara, sun isa su fara.

Ƙungiyar da ta shirya kai ɗalibai Kano kuwa, ya kyautu ta tanadar musu tambayoyi kafin a tashi. Su tambayi masu yi musu jagora game da maginan da suka ɗaura rufin, da malaman da suka zauna a ajin farko na 1909, da garuruwan da suka fito, da kuma Dorugu. Duk amsar da aka samu a rubuta ta da Hausa a ajiye a makaranta, domin ajin da zai biyo baya ya ɗora daga inda aka tsaya.